Waya Ba Ta Shan Fura: Kwana Uku A Wurno, Goronyo Da Rabah

Ranar Alhamis 21 ga Disamba, 2023, wani abokin aikina mutumin ƙasar Zuru ya leƙo ofishina a Zariya domin mu yi sallama. Motarsa na waje, an ɗora mata buhun shinkafa da jarkar man gyaɗa, yara huɗu sun cika kujerar baya suna ɗokin a tashi. Gida zai je yin Kirsimeti, kamar yadda ya saba kowace shekara. Na ce masa da irin labarin da ke fitowa daga Danko-Wasagu da kewaye, ai da ya haƙura bana ya aika musu da kuɗin cefane. Ya yi dariya, ya ce mahaifiyarsa ta haura tamanin, kuma bai taɓa ganin ta ƙirga kuɗin da yake aika mata ba, amma duk ranar da suka sauka daga mota sai ta ƙirga jikokinta ɗaya bayan ɗaya. Daga nan ya tambaye ni yaushe rabona da gida. Na buɗe baki zan ce kwanan nan, sai lissafi ya kama mini harshe. Rabona da Wurno tun zaman makokin mahaifiyata a ƙarshen 2019.

Uzuri kam ina da shi, kuma babu na ƙarya a ciki. A 2020 annobar korona ta rufe hanyoyi. A 2022 malaman jami'a muka shafe wata takwas muna yajin aiki babu albashi. A 2023 aka janye tallafin man fetur, kuɗin mota ya ninka. Sama da duka akwai hanyar kanta, wadda duk mai sauraron labarai ya san halin da take ciki. Sai dai da na jera uzurorin nan a raina a daren, na ga cewa abokin nawa ma yana da kowannensu, kuma ga shi can ya kama hanya. Mun daɗe muna muhawara da maiɗakina. A ƙarshe muka tsaya a kan cewa zan tafi da babban ɗanmu mai shekara 12, ita da ƙannensa su zauna, kuma ba za mu taka hanya ba sai tsakanin hantsi da la'asar.

Da safiyar Juma'a muka shiga motar haya. Daga Funtuwa zuwa Tsafe, daga Gusau zuwa Talatar Mafara da Tureta, na lura da wani sabon ilimi da direbobi suka koya wanda babu shi a lokacin da nake ɗalibi. Direba ba ya kallon gabansa kawai, yana ƙirga motocin da ke tahowa daga ɗaya hannun. In suka ɗauke na 'yan mintoci sai ya rage gudu, ya kashe rediyo, hira ta mutu a cikin mota, kowa ya koma ga abin da ya haddace na addu'a. Da zarar wata tirela ta ɓullo sai a ji an saki numfashi, mai ba da labari ya ɗora daga inda ya tsaya. Haka muka isa Sakkwato, muka kwana.

Washegari muka bi hanyar Achida zuwa Wurno. Hazon hunturu ya rufe sararin sama, rana ta zama kamar faifai, amma da muka kusanci fadamar Rima sai ido ya huta. A wannan lokaci na shekara tudu ya bushe ƙurmus, fadama kuwa kore shar: albasa, tafarnuwa, alkama da ta fara tasowa, ga ƙarar injinan ban-ruwa ta ko'ina. Ɗana, wanda tafarnuwa a wurinsa abu ce da ake saye a ƙulle cikin leda, ya tambaye ni ko wannan duk ciyawa ce. Na ji kunyar tambayar fiye da yadda na nuna masa.

Mun tarar da Baffa, ƙanen mahaifina, a zaure yana jin ɗumin rana. Na durƙusa na gaishe shi. Ya daɗe yana dubana kafin ya ce, “Wa nika gani haka? Ashe Dakta na da sauran hanya wajenmu.” Na fara jero uzuri, ya ɗaga hannu ya tsayar da ni. “Kuɗɗinka suna isowa, mun gode, Allah shi yi albarka. Amma waya ba ta shan hura.” Sannan ya juya ga yaron, ya kama hannunsa ya ce, “Wanga kuwa, ko ya san nan a gidan ubanai?” Kafin in amsa an kawo ƙwaryar fura da ludayi biyu, gida ya cika da mata da yara masu zuwa ganin baƙi. Rabin yaran ban san su ba. An haife su ne a cikin shekarun da nake aika saƙo ta waya ina ganin na sauke nauyi.

Maganar Baffa ta tuna mini da watan Satumbar 2021, lokacin da gwamnatin jiha ta sa aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 14 domin toshe wa 'yan bindiga hanyar samun labari, Rabah da Goronyo na ciki. A cikin makonnin nan ne wani ƙanen mahaifiyata ya rasu. Labarin bai iske ni ba sai bayan an yi addu'ar bakwai, ta bakin wani direba. A ranar ya kamata in gane cewa zumuncin da na rataya gaba ɗayansa a jikin ƙarfen sabis, duk ranar da aka kashe ƙarfen shi ma ya mutu. Na yi baƙin ciki, na yi addu'a, sabis ya dawo, na koma gidan jiya.

Bayan azahar na ɗauki yaron muka je hubbaren Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. A makaranta an koya masa cewa Bello ɗan Shehu Usmanu ne, ya yi sarauta daga 1817 zuwa 1837, amma ba a gaya masa dalilin da ya sa kabarinsa yake Wurno ba alhali fadar tana Sakkwato. Wurno ribaɗi ne, wato garin da aka kafa a bakin iyaka domin tsaro. Bello ya gina shi ne yana fuskantar hare-haren Gobirawa, kuma ya zaɓi ya tare a cikinsa da kansa har ajali ya same shi a nan. Dabararsa ita ce a kafa garuruwa masu ganuwa, a zaunar da mutane da iyalansu, a ba su gona da masallaci da makaranta da sana'a, domin ƙasar da mutane ke zaune a cikinta ita ce take tsaruwa. Ɗansa Aliyu Babba ma a Wurno ya yi zamansa, kuma a zamaninsa ne Bajamushen nan matafiyi Heinrich Barth ya sauka a garin a 1853, bayan ayarinsu ya ratsa dajin Gundumi dare da rana ba tare da yada zango ba saboda tsoron mahara. Shekara 170 ke nan, kuma dajin Gundumi har yau sunansa na sa matafiyi ya yi shiru.

Na tsaya a wurin ina tunanin abu biyu. Na farko, shugaban da ya gina wannan gari ya kai gadonsa inda haɗarin yake, ya kwana tare da talakawansa. Ban ce masu mulkin yau su tare a Wurno ba, amma mutanen gabashin Sakkwato suna da haƙƙin su ga shugabanninsu a ranakun da ba na jaje ba. Na biyu ya fi kusa da ni. Mahaifina mutumin Wurno ne, mahaifiyata kuwa Bagobira ce daga Goronyo, da zanenta a fuska. Ke nan ganuwar da aka gina saboda kakanninta, a cikinta aka kawo ta amarya, a cikinta ta haife mu. Abin da takobi bai gama ba, aure da maƙwabtaka da cin kasuwa ɗaya suka ƙarasa shi a hankali. Na gaya wa yaron cewa shi jikan ɓangarorin biyu ne, ya riƙe wannan da kyau.

Da dare, muna zaune gefen wuta, na tambayi Baffa labarin Bafulatanin da ke riƙe da shanun gidanmu tun ina yaro, wanda matarsa ke kawo wa mahaifiyata nono da man shanu. Baffa ya yi shiru, sannan ya ce shekara biyu da suka wuce ya kawo shanun har ƙofar gida, ya ƙirga su a gaban shaidu, ya ce ba zai iya ci gaba ba. A daji 'yan bindiga sun kwashe nasa, a gari kuma in ya shigo kasuwa ana nuna shi da baki. Ya kwashe iyalinsa ya yi arewa, tun daga nan babu labari. Baffa ya ce amanar shekara arba'in ce ta tashi a yini ɗaya, kuma ko saniya ɗaya ba ta taɓa ɓata a hannunsa ba. Wannan ma zumunci ne, ko da babu jini a ciki, kuma yana cikin asarar da ba a sa ta a lissafin jaridu.

Ranar Lahadi muka wuce Goronyo, ranar kasuwa, wurin Kawu, yayan mahaifiyata. Duk wanda ya san garin ya san abin da ya faru a wannan kasuwa ranar Lahadi 17 ga Oktoba, 2021, lokacin da 'yan bindiga suka buɗe wuta a kan masu saye da sayarwa, gwamnan lokacin, Aminu Waziri Tambuwal, ya tabbatar da mutuwar mutum 43. Na shiga da faɗuwar gaba. Abin da na tarar kasuwa ce tana ci: buhunan albasa, busasshen kifi, rake, awaki, masu gyaran waya, 'yan mata masu tallar gyaɗa. Bambancin da na gani shi ne da la'asar ta yi sai kowa ya fara naɗe tabarmarsa, mutanen ƙauye na gaggawar su isa gida da sauran rana. Kawu ya nuna mini inda ya ɓuya a ranar, ya ambaci maƙwabtan rumfarsa biyu da ba su tsira ba, ya yi musu addu'a, ya ci gaba da auna wa wata mata gero.

A aljihun Kawu na ga wani makulli ɗaure da jan zare. Na wani Ibo ne mai shagon kayan gyaran babur da injin ban-ruwa, wanda ya fi shekara ashirin a garin. Kowace Disamba yakan rufe shago ya tafi garinsu yin Kirsimeti, tafiyar yini da kwana, ya bar makullin a hannun Kawu. In injin wani manomi ya lalace ana tsakiyar ban-ruwa, Kawu ya buɗe ya ba shi abin da yake nema, ya rubuta da ajami a wani ɗan littafi, in mai shago ya dawo a watan Janairu su zauna su yi lissafi. Kawu ba ya kiran wannan da wani babban suna irin waɗanda muke rubutawa a takardun taro. Da na nuna mamaki, cewa ya yi, “To, maƙwabcina na. In ban riƙa mai ba, wa za ya riƙa?” Sannan ya dube ni ta gefen ido ya ƙara da cewa mutumin bai taɓa fashin zuwa gida ba ko a shekarar da aka kai harin. Na fahimci inda kibiyar ta nufa, na yi shiru.

Kafin mu juya na kai yaron ya ga madatsar ruwan Goronyo, wadda aka kammala a 1984 a kan kogin Rima. Daga nan ake sakin ruwan da ke raya fadamun da muka ratso, har ya kai ga famfunan birnin Sakkwato. Mutanen yankin ba su manta da ambaliyar 2010 ba, wadda ta cinye gonaki da ƙauyuka, ta kuma yanke hanyar da ta haɗa Jami'ar Usmanu Danfodiyo da cikin gari. Kawu ya ce a shekarar nan iyalinsa wata biyu suka yi a gidan Baffa a Wurno, ana dafa tukunya ɗaya. Ni ina Zariya ina rubuta kundin digirina, abin da na sani kawai shi ne an yi ruwa.

Ranar Litinin, ranar Kirsimeti, muka isa Rabah wurin Gwaggo, yayar mahaifina, wadda ita ce mafi tsufa a zuriyarmu. Rabah garin Sardauna ne. A nan aka haifi Sa Ahmadu Bello, jikan Sarkin Musulmi Abubakar Atiku na Rabah, kuma a nan ya fara riƙe sarauta a matsayin hakimi a 1934, tun kafin Arewa ta san shi. Amma Rabah ta yau tana da wani tarihin da ya fi wannan zafi. A watan Yulin 2018 aka kai hari Tabanni da ƙauyukan da ke kusa, aka kashe mutane da dama, waɗanda suka tsira suka kwarara zuwa Gandi. Daga lokacin ƙauyuka da yawa sun zama kufai. Gidan Gwaggo da na sani da mutum goma sha biyu, yanzu ana ɗora tukunyar mutum talatin da ɗaya. An raba zaure da zana, an mai da rumbu ɗaki. Babu wata hukuma da ta rubuta sunayensu, babu wanda ya kira gidan sansanin gudun hijira. 'Yan uwa ne suka zo, aka matsa musu.

Gwaggo ba ta faɗin sunana, domin sunan mahaifinta gare ni. “Babana, ka taho?” in ji ta, tana shafa fuskata saboda idonta ya yi rauni. Ba ta yi mini faɗa ba, kuma wannan ya fi faɗan Baffa ciwo. Ta sa aka kawo tuwon shinkafa da miyar kuka, ta zaunar da yaron kusa da ita, ta fara kiran mutanen gidan ɗaya bayan ɗaya tana gaya masa yadda yake da kowa. Wannan ƙanen kakanka ne ta wajen uwa. Wannan taubashiyarka ce, kana iya tsokanar ta. Wannan kuwa, ko da wasa kada wani daga cikinku ya neme ta da aure, domin ita da ubanka nono ɗaya suka sha a shekarar da mahaifiyarsa ta yi ciwo. Na ɗago kai da sauri. Shekarata arba'in da 'yan kai, ina koyar da ɗalibai, ban taɓa sanin ina da 'yar uwa ta shayarwa ba.

A nan na ga girman abin da muke wasa da shi. Wanda ya sha nonon wa, gonar da aka ba da aro da wadda aka ba da kyauta, wanda ke da gado a wane gida, auren da ya halatta da wanda ya haramta, duk waɗannan hukunce-hukuncen addini ne da ke tsaye a kan sanin dangi, kuma a yawancin gidajenmu babu inda aka rubuta su sai a kan tsofaffin mata irin Gwaggo. Ba a tambayar su ta waya, domin mutum bai ma san akwai abin tambaya ba sai ya zauna an yi hira ta kawo shi. Yaron ya ciro littafin makarantarsa ya fara rubutawa. Kafin magariba ya cika shafi shida, Gwaggo na gyara masa.

Da yamma abokina na Zuru ya kira. Ina jin hayaniyar gidansu ta cikin wayar. Ya ce sun dawo daga coci, kuma kamar kullum ƙanen mahaifinsa Musulmi ne ya yanka ragon domin kowa ya ci, gidan ya cika da masu salla da masu zuwa coci, duk jikokin mutum ɗaya. Na yi masa barka, na ce ga ni a Rabah. Ya ce to, yanzu na zama mutum. Mu a gidan Gwaggo ba bikin Kirsimeti muke yi ba, ranar Litinin ce kamar kowace, sai dai hutun da gwamnati ta bayar saboda bikinsu shi ne ya ba ni damar sauke wani wajibi na addinina da na daɗe ina jinkirtawa. Tun muna makarantar allo aka karantar da mu cewa sada zumunci umarni ne, yanke shi babban zunubi ne, kuma malamai sun bayyana cewa ana sada shi da dukiya, da ziyara, da sallama, gwargwadon hali da buƙata. Mu 'yan boko mun zaɓi mafi sauƙi a cikinsu, wanda ake yi da ɗan yatsa, muka ɗauka ya wadatar. Ga mai yunwa kuɗi ne zumunci. Gwaggo kuwa tana da hatsi, abin da take nema shi ne wanda za ta damƙa wa abin da ke kanta kafin ta tafi.

Ba ina kiran kowa ya jefa kansa cikin halaka ba ne. Ni ma akwai inda ban je ba. Na so in kai yaron ƙauyen da gonar kakansa take, Gwaggo ta ce ko da wasa, kuma na bi maganarta. Tsoron gaskiya ne, kuma alhakin kawar da shi yana wuyan hukuma, wadda aikinta na farko shi ne mutum ya je gaida gwaggonsa ya dawo lafiya. Sai dai mu da muka yi karatu muka watsu a Zariya da Kano da Abuja, ya kamata mu tambayi kanmu ko tsoro ne kaɗai ke hana mu, ko kuwa ya zo ne ya ba wa sakacinmu suna mai kyau. Waɗanda muke jin tsoron kai wa ziyarar yini biyu, a can suke kwana kullum, su yi noma, su ci kasuwa, su aurar da 'ya'yansu. In masu ilimi da masu hali suka ɗauke ƙafa gaba ɗaya, an bar su su kaɗai ke nan, kuma babu abin da ɗan ta'adda yake so kamar garin da babu mai tambayar labarinsa.

Ranar Talata da hantsi muka yi sallama. Baffa ya sa an ɗora mana rabin buhun albasa da ƙullin tafarnuwa, Kawu ya aiko da busasshen kifi, Gwaggo ta ba yaron dawo a cikin ƙwarya da naira ɗari biyu da ta kwance daga bakin zanenta. Na yi mata alkawarin kawo sauran yaran da mahaifiyarsu a Ƙaramar Salla. Ta ce, “In ka iske ni, to. In ba ka iske ni ba, ga littafi nan wajen ɗanka.” A mota, bayan mun wuce Tureta, yaron ya buɗe littafin yana bin sunayen da yatsa, ya tambaye ni wace ce za ta gaya mana sauran in Gwaggo ba ta nan. Har muka isa Gusau ban samo masa amsa ba.

Allah Ya zaunar da gabashin Sakkwato da sauran ƙasarmu lafiya, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya mai da waɗanda aka raba da gidajensu, Ya ba mu ikon taka ƙafa zuwa ga namu tun ana iske su.